Waiwaye: Abin da kogi ke kawo wa Nguru da Gashuwa

A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. Manufar mai kyau ce: birnin Kano ya samu ruwan sha, manoman Kura da Kadawa su yi noman rani. Sun kuwa yi, duk mai sayen tumatir da shinkafa ya san albarkar wannan aiki. A 1992 aka ƙara da madatsar Chalawa. Sai dai a lokacin da ake tsara waɗannan ayyuka, lissafin bai kai kan masuncin Nguru ko manomin ƙasar Bade ba, alhali su ne a gangaren kogin.

Kogin Kano da na Chalawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma na Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa ta jihar Bauci. Su biyun sai su baje a fadamun Haɗeja da Nguru, su tattaru a wajajen Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda ke bin iyakar Nijeriya da Nijar ta gefen Difa har ya faɗa Tafkin Chadi. A da, ruwa kan cika fadama da damina, masunta su kama kifi, manoma su girbe shinkafa. In ya janye a shuka wake da kayan lambu a kan laima, sannan makiyaya su shigo da dabbobinsu. Fili ɗaya, amfani uku a shekara.

Madatsun sun sauya wannan tsari. Ambaliyar damina ta ragu, aka kuma riƙa sakin ruwa da rani, hanyoyin da suka saba bushewa suka zauna a jiƙe duk shekara. Nan ciyawar kachala ta samu wurin zama. Ta toshe magudanu, ruwa ya karkata ta hanyar Marma zuwa Tafkin Nguru yana cin gonaki da hanya, mutanen wasu sassan kuma suna kukan ƙarancinsa. Wanda ya ga aikin gayyar sare kachala ba zai manta ba: magidanta tsaye cikin ruwa iya ƙugu, adda a hannu, ciyawar ta fi su tsawo, matsattsaku na manne musu a ƙafa, su wuni su buɗe 'yar hanyar da kwale-kwale zai bi, kafin shekara ta zagayo ta sake rufewa. A cikinta jan baki ke kwana ya wayi gari a gonar shinkafa. Ruwan da ta tare kuma gidan sauro ne da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Ba a rasa zama da sa hannu ba. Tun ranar 22 ga Mayun 1964 Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Kula da Tafkin Chadi. A 1990 Nijeriya da Nijar suka ƙulla yarjejeniyar Maiduguri kan ruwayen da suka yi tarayya a kai, har da Kogin Yobe. A 2000 aka sa Tafkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin Ramsar na fadamun duniya masu muhimmanci, wuri na farko a Nijeriya da ya samu wannan matsayi. A 2006 Shugaba Olusegun Obasanjo da gwamnonin Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauci da Filato suka amince a taron Damaturu a kafa asusun haɗin gwiwa na kula da kogin. A 2012 ƙasashen tafkin suka amince da kundin dokar ruwa. Amma duba tazarar: tsakanin gina Tiga da taron Damaturu shekara 32 ce. Sai da ɓarna ta yi nisa aka zauna, kuma yawancin muhawarar kan rabon ruwa ce, nawa za a tare, nawa za a saka. Abin da ke cikin ruwan bai samu irin wannan kulawa ba.

To me ke cikinsa? Kamfanonin jima da masaƙu na unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Chalawa da Bompai sun daɗe suna fitar da dagwalo, kuma masana a jami'o'inmu sun sha auna ƙarafa masu guba irin su kuromiyam da dalma a rafukan da ke kwashe shi. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, na zamani da kuromiyam. Sai taki da maganin feshi daga filayen noman rani. Wannan kam mu ma da namu laifin. Ka tsaya bakin fadama da yamma ka gani: saurayi ya gama feshi ba takunkumi ba safar hannu, ya wanke injin a inda yara ke wanka, shanu ke sha, robar maganin kuma a ɗauraye ta a ɗura ruwan sha.

A irin wannan yanayi ne ciwon ƙoda ya zama abin tsoro a Gashuwa da Nguru da Jakusko da kewaye. Mai wankin ƙoda yana bukatar hawa inji sau biyu ko uku a mako, kusan awa huɗu kowane zuwa. Ko da gwamnati ta ɗauke kuɗin wankin, akwai na mota, na magani, na ƙarin jini, na jinya. Gidaje da yawa sun sayar da shanu da gona a kan haka. Gwamnatin Yobe ta Mai Mala Buni ta sa masana bincike ta hannun cibiyar binciken kimiyyar lafiya da ke Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, kuma ta cancanci yabo. Likitoci na zargin abubuwa da dama: hawan jini, ciwon suga, aiki cikin zafin rana ba isasshen ruwan sha, shan magunguna barkatai, maganin feshi, da ƙarafa a ruwa ko abinci. An ga makamanciyar wannan annoba tsakanin manoman shinkafa a Siri Lanka da masu saran rake a tsakiyar nahiyar Amurka. Abin lura shi ne, in binciken ya bi sawun ruwa, zai fita daga Yobe ya shiga Jigawa da Kano da Bauci, inda gwamnan Yobe ba shi da ikon rufe ko bututu ɗaya.

Wasu sun riga mu cin karo da irin wannan. A Nuwamban 1986 gobara ta tashi a ma'ajiyar sinadarai kusa da birnin Basel na Suwizalan, gubar ta bi Kogin Rayin ta kashe kifaye har cikin Jamus, garuruwa suka dakatar da ɗiban ruwa. Cikin shekara guda ƙasashen kogin suka amince da shirin tsabtace shi, suka ƙarfafa tashoshin awo da tsarin gargaɗi, yadda na sama zai sanar da na ƙasa da zarar wani abu ya zuba.

Mu ba sabuwar hukuma muke bukata ba. Asusun Damaturu na nan, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli na nan, jami'o'in Kano da Dutse da Gashuwa na nan. Gwamnonin shida su sa a riƙa auna ruwa da laka da kifi a kai a kai a Wudil da Haɗeja da Nguru da Gashuwa da Gaidam, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Badanci da Barbarci, a kuma miƙa wa 'yan'uwanmu na Difa. Masana'antar da ba ta tace dagwalonta ba a ci ta tara. Sarakuna da limamai su ja kunnen manoma kan maganin feshi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. An ɓata shekara 32 kafin a zauna kan rabon ruwa. Kada a ɓata wasu kafin a zauna kan tsabtarsa.