Kauri daban, yauƙi daban: darasi daga taraktocin Gadarif

A Gadarif ta gabashin Sudan, inda noman dawa da riɗi da injina ya kafu tun shekarun 1940, kuma inda jikokin Hausawa maniyyata aikin hajji suka yi kaka-gida, tarakta kan wuni tana keta baƙar laka cikin zafin rana. Ranta kuwa yana rataye ne ga baƙin man da ke tsakanin karanshaf da boris, shimfiɗar da ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba.

Makanike kan lakato man, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya ce yana da kauri. Shaidar yatsa ba ta isa ba. A cikin inji, ƙarfe na wuce ƙarfe da gudun mitoci a daƙiƙa, tazararsu 'yan mikron kaɗan, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Mai irin 15W-40 ana zuba masa sinadarai masu dogayen zarurruka don kada zafi ya tsinka shi. Da murza ta yi tsanani sai zarurrukan su miƙe su bi hanyar gudu, man ya tsinke na ɗan lokaci; in sun kakkatse, ya tsinke ke nan har abada. Shi ya sa ƙa'idar SAE J300 ta wajabta awo na musamman: a ɗumama man zuwa digiri 150, a murza shi cikin matsattsiyar tazara da saurin miliyan ɗaya a daƙiƙa, sannan a duba abin da ya rage na jikinsa.

A nan ɗalibin Hausa ke da aiki. Masu fassara sun saba jibga wa kalmar "kauri" dukan wannan nauyi, alhali harshen ya riga ya rarrabe. Kunu ke da kauri, miyar kuɓewa yauƙi, ƙaro danƙo, daɓe kuma santsi. (Mutanen Sudan ma, masu miyar busasshiyar kuɓewa, ba baƙin yauƙi ba ne.) Turjiyar mai ga gudana ita ta cancanci sunan kauri, halin dogayen zarurrukan nan ya fi kusa da yauƙi, kuma shi ne ke canzawa in murza ta ƙaru. Fassarar da ta cakuɗa su ba za ta iya bayyana wa manomin Gadarif yadda mai zai cika yatsa a gareji, amma boris ya cinye kafin a girbe riɗi ba.