MU SAN SAMA: TAURARI MA HAIHUWARSU AKE YI

Manoma da makiyaya, an gama aikin gona, ɗari ya shigo, dare ya yi tsawo. Wanda ya ɗaga kai bayan lisha a watan Disamba, zai ga taurari uku jere wajen gabas. Kusa da su, ta gefen kudu, akwai wasu ƙanana. Na tsakiyarsu kamar ɗan hayaƙi yake. Wannan gajimare ne babba na iska da ƙura. Masana suna ce masa Gajimaren Oriyon. A cikinsa ake haihuwar taurari.

Wurin yana da nisa ƙwarai. Haske yana gudun kilomita 300,000 cikin sakan guda, amma hasken da ya taso daga can sai ya yi shekara wajen 1,350 bisa hanya.

Ga yadda haihuwar take. Iska da ƙura suna jawo juna, su dunƙule kamar curin fura. Curin ya yi ta matsewa, cikinsa ya yi ta zafi, har ya kama wuta. Taurarin da ke wurin sun fi 1,000. Shekarunsu ba su wuce miliyan 1 ko 2 ba. Jarirai ne, don ranarmu, wadda ita ma tauraruwa ce, ta kai shekara miliyan 4,600.

Ƙura tana ɓoye da yawa daga cikinsu, kamar yadda hazo ke ɓoye garke a daji. Don haka masana ke aiki da madubin hangen nesa mai ganin hasken zafi, wanda ke ratsa ƙura. Irinsa ne madubin James Webb da aka harba sama a 2021.

Abin da suka fi son sani shi ne nauyin kowane jariri. To, yaya ake auna abin da ba ya hawa sikeli? In taurari biyu suna kewaya juna, sai a duba tazararsu da lokacin da suke ɗauka. Masu nauyi sun fi saurin kewayo. In tauraro shi kaɗai ne, sai a duba ƙarfin haskensa da launinsa. Kamar ƙarfe ne a maƙera: ja yana da zafi, fari ya fi shi.

Awon ya nuna ƙananan taurari sun fi yawa nesa, manya ƴan kaɗan ne. Babban cikin gajimaren ya ninka rana nauyi fiye da sau 30. Irinsa kamar wutar kara yake: haske da yawa, amma cikin ƴan miliyoyin shekaru ya ƙare. Ƙarami kuwa kamar garwashi, a hankali yake ci. Wanda bai kai kashi 8 cikin 100 na nauyin rana ba, wutarsa ba ta kamawa sosai.

Ashe tun ranar haihuwa nauyi ke yanke wa tauraro tsawon kwana. Da ranarmu ta yi nauyin wancan babban, da ta mutu tun kafin ciyawa ta tsiro a duniya. Matsakaiciya ce, shi ya sa har yanzu take nunar da hatsi, kuma da sauran shekara wajen miliyan 5,000 gabanta.

A fita da yara daren da babu farin wata, a nuna musu ɗan hayaƙin nan. Sai wata mai zuwa.