Ra'ayinmu: Motar da ke Sanyi a Hanya, ta Warke a Gaban Dila

Akwai wani ciwon mota da masu bin hanyar Kano zuwa Birnin Kudu suka san shi sarai. Ana cikin tafiya, an wuce Kwanar Huguma, direba ya fito zai wuce tirela, ya taka totur, sai injin ya yi sanyi, mota ta ƙi ja. Wani lokaci fitilar gargaɗi ta kama a dashbod, wani lokaci ko ƙyaftawa ba ta yi. A gangara gefen titi, a kashe, a ɗan jira, a tayar, ta ɗauka lafiya lau har Babaldu. Sai a yi mako biyu ko wata guda ba a sake jin ɗuriyar matsalar ba, sannan ta dawo ba sallama.

Mai 'yar Kwatano ya san inda zai dosa. Zai kai wa bakanikensa, a canja fulogi, a wanke nozul, in ta ƙi a aika Ƙofar Ruwa a sayo famfon mai, a yi ta gwaji har a dace. Wanda ya shiga tsaka mai wuya shi ne wanda ya sayi sabuwa dal daga hannun dila, da takardar garanti, wadda galibi takan kai shekara 3 ko kilomita 100,000. In ya bari bakaniken gari ya kwance wani abu, garanti na iya faɗuwa. In ya ɗauki hanya zuwa Kano ko Abuja, a ɗora motar a kwamfuta, a zaga da ita cikin gari, a dawo masa da makulli a ce ba a ga komai ba. Masu sabbin motoci ba su da yawa a Sundimina ko Gwaram, masu motocin gudu kuwa sun fi ƙaranci, amma tambayar ta shafi motocin ma'aikatu da na ɗaukar marasa lafiya, da duk wanda ya taɓa sayen inji da alkawarin gyara. Wa ke da alhakin gano ciwon da ya ƙi bayyana?

Dila na da hujja, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. Ba shi ya ƙera motar ba. Kamfanin da ya ƙera ta ne ke biyan kuɗin gyaran garanti, kuma yakan nemi shaida: lambar matsalar da kwamfutar mota ta ajiye, da sakamakon gwaji, wani lokaci har da kayan da aka cire. Dilan da ya canja famfon mai bisa zato kawai, zai iya biya daga aljihunsa, ciwon kuma ya dawo domin tun farko ba a famfon yake ba. Sanyin inji alama ce da abubuwa da dama ke haddasawa: famfon mai da ke gajiya in ya ɗau zafi, ko kwayil da ke ɗauke wuta, ko sensar da ke auna iskar da ke shiga inji in ƙura ta lulluɓe ta, ko toshewar abin tace hayaƙi na cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi, ko waya guda da ta saki a cikin soket. Motocin zamani kuma suna da dabarar kare kansu: in biren bos, wato kwamfutar motar, ya ga alamar haɗari, da gangan yake rage ƙarfin inji har a kashe a sake tayarwa.

Sai batun mai, wanda a nan ne dila ya fi samun madogara. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumar NMDPRA ta tabbatar cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, kamfanin NNPC kuma ya ce daga tashar Antwerp ta Beljiyam aka yo lodinsa. In har hakan ya faru da man da ya bi ta hannun hukuma, ina ga na galan da jarka da 'yan bumburutu ke sayarwa a bakin titi? Haka nan akwai masu tsallake lokacin sabis, da masu kai sabuwar mota wurin rewaya ya yanke wayoyi don a sa mata na'urar bibiya ko ƙarin fitilu. Dila na da haƙƙin ya tambayi waɗannan duka, ya kuma ƙi ɗaukar nauyin ɓarnar da ba ta kamfani ba.

To amma mai mota ma ba da wasa ya zo ba. Ya biya ninkin kuɗin 'yar Kwatano ne domin ya sayi kwanciyar hankali, kuma garantin yana cikin abin da ya biya. Daga Birnin Kudu zuwa Kano tafiya ce ta fiye da kilomita 100, daga Sara ko Basirka kuwa ta fi haka nisa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowace zuwa da dawowa asara ce mai ciwo, ga yinin aiki da aka rasa. A duk wannan kai-komo kwanakin garanti na tafiya, kilomita na ƙaruwa. Mafi muni, ciwon yakan tashi ne daidai lokacin da aka fi bukatar ƙarfin inji, wato ana tsakiyar wuce babbar mota, wata kuma na tahowa. A irin wannan wuri, daƙiƙa biyar na sanyin inji maganar rai ce.

Rashin ganin lamba a kwamfuta kuma ba ya wanke mota. Tsarin binciken da aka wajabta wa motoci a Amurka tun 1996, wanda kusan kowace mota ke ɗauke da irinsa yanzu, ba ya rubuta kowace tangarɗa. Wasu matsalolin sai sun maimaitu kafin fitila ta kama, wasu kuma kwamfutar kan share su da kanta in an yi tafiye-tafiye da dama ba su dawo ba. Ciwon da ke tashi bayan awa guda ana gudu a zafin Afrilu, da rana ta take, ba zai fito a zagayen minti goma cikin cunkoson Kano da safe ba. Kuma ba kowane lokaci laifin man Nijeriya ba ne. A 2020 kamfanin Toyota ya kira motoci fiye da miliyan 3 a Amurka domin a canja musu famfon mai ƙirar Denso, wanda ke iya sa inji ya sarƙe ko ya mutu ana cikin tafiya. Waɗancan motoci ba su taɓa shan man bumburutu ba.

Da muka auna ɓangarorin biyu, mun ga ba su yi daidai a ma'auni ba. Dila ne ke da kwamfutar kamfani, shi ke da ƙwararru, shi ke samun sanarwar da kamfani ke aika wa wakilansa game da cututtukan da aka gano a kowane samfuri. Mai mota ba shi da komai sai abin da ya ji a ƙafarsa. Wanda ya hana a kai mota wani wuri, shi ya ɗora wa kansa nauyin bincike har ƙarshe. Batun mai ma kaifi biyu gare shi. Motocin gudu da yawa an ƙera su ne don fetur mai daraja ta sama, gidajen manmu kuwa galibi nau'i ɗaya suke sayarwa. In inji ya ji man bai kai ba, yakan ja da baya don kada ya lalace, musamman cikin zafi. Dilan da ya sayar da irin wannan mota a Arewa ya san man da za ta sha, kuma tun ranar ciniki ya kamata ya faɗi haka ƙarara.

Shari'a da doka duk sun karkata nan. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun daɗe da tabbatar wa mai saye zaɓin mayar da haja in ya tarar da ɓoyayyen aibin da ya riga ciniki. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 ta kuma kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata 3 da karɓa, a gyara, ko a canja, ko a biya shi. Sai dai wata 3 ba su da yawa ga ciwon da ke leƙowa sau ɗaya a wata. A Kalifoniya ta Amurka doka ta toshe wannan ƙofa: in an yi gyara sau 4 kan matsala guda bai yi ba, ko mota ta shafe fiye da kwana 30 a gareji cikin wata 18 ko mil 18,000 na farko, ana ɗauka kamfani ya samu isasshiyar dama, sai canji ko mayar da kuɗi. Majalisar Tarayya na da abin dubawa a nan.

Matsayarmu ita ce, alhakin gano ciwon na wuyan dila, kuma cewa ba a ga komai ba ba ta rufe magana. Duk ƙorafin da aka kawo a rubuta shi a takardar aiki, da kwanan wata da adadin kilomita, a ba mai mota kwafi ko da ba a taɓa ko noti ɗaya ba. Ciwon da aka kai ƙararsa cikin garanti ya ci gaba da zama a wuyan kamfani ko da wa'adi ya cika kafin a gano shi. In an dawo karo na biyu, a liƙa wa motar na'urar da ke naɗar bayanan inji ana tafiya, a bar mai ita ya koma da ita hanyar da ta saba yin ciwon, ko ma'aikacin dila ya bi shi. In dila na zargin mai, ya ɗebi samfuri daga tanki a gaban mai mota, a kai gwaji, ya nuna sakamako a rubuce.

Mai mota shi ma da nasa aikin, kuma in ya yi sakaci da shi ya raunana hujjarsa da hannunsa. Ya riƙe rasiɗin mai da na sabis. Duk sanda ciwon ya tashi, ya rubuta lokaci da wuri da gudun da ake yi, da yawan man da ke tanki, da ko na'urar sanyaya ɗaki na kunne. Wanda ke zaune a gefe ya ɗauki bidiyon dashbod da waya. Kada a cire kan batir, kada kuma a bar mai ƙaramar kwamfuta a bakin tasha ya goge fitilar, domin da ita ake goge bayanan yanayin da inji ke ciki lokacin da abin ya faru, waɗanda su ne shaida mafi ƙarfi. In an je sau uku ba sauyi, a kai takardun gaban FCCPC, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano in a can dilan yake.

Gwamnatin Jigawa da ƙananan hukumominta na cikin manyan masu sayen sabbin motoci a jihar, don haka suna da bakin da ɗan kasuwa guda a Gwaram ba shi da shi. Muna kira gare su da su sa sharaɗi a duk kwangilar sayen motoci cewa dila zai riƙa turo ma'aikaci da kwamfutar kamfani zuwa Dutse a kan kari, kuma a buɗe wannan hidima ga duk mai garanti a jihar, ba motocin gwamnati kaɗai ba.