Shiru-shiru Ba Tsoro Ba Ne: Darasi Daga Matan Cikin Gida



 

Akwai maganar da ke yawo a wasu zaurukanmu, wai duk macen da ba ta fitowa gangami ba 'yar jam'iyya ba ce, musamman matan gidajen sarauta da masu zaman kulle. Har ana cewa a cire su daga lissafi. Wallahi wannan kuskure ne, kuma idan muka biye masa mu za mu yi asara.

Mu duba tarihinmu. Hajiya Maɗaki 'yar gidan sarautar Kano ce, aka kai ta Katsina tana ƙaramar yarinya, ta zama matar Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Lokaci ne da komai ke juyawa: Turawa sun karɓi mulki, ga mota, ga boko, ga asibiti, jama'a kuma suna ɗari-ɗari. Ita ba ta hau mumbari ba, ba ta ɗaga wa kowa murya ba. Amma ta zama abokiyar shawarar mijinta, ta raka shi har Makka da Ingila, ta ga yadda duniya take. Da aka fara karatun 'ya'ya mata a Katsina a wajajen 1930, tana cikin waɗanda suka tsaya wa abin. Ku tuna, a wancan zamani uba ba ya sakin 'yarsa sai ya ga wadda ya yarda da mutuncinta a wurin. Irin wannan amanar ba a samunta da hayaniya.

Kafin ita ma akwai Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, matar Waziri Giɗaɗo, wadda aka haifa a 1793. Daga cikin gidanta ta tsara 'Yan Taru. Tana naɗa jaji, ta ba ta malfa, jajin ta koma ƙauye tana karantar da mata. Ilimi ya isa inda ƙafarta ba ta taka ba.

Kada wata ta ce ina rage darajar masu fita. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a zamanin NEPU saboda 'yancinmu. Matan Kudu sun yi zaɓen 1959, mu matan Arewa sai a 1976 aka ba mu dama, muka yi babban zaɓe na farko a 1979. Ba don irin su Gambo ba, da jiran ya fi haka tsawo. To amma ƙuri'ar da aka sha wuya a kanta, wa ke sa a fita a jefa ta? Sau da yawa wata Hajiya ce a ƙuryar ɗaki, wadda idan ta yi magana surukai da jikoki da 'yan aiki duk sun ji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma a fahimce ni, shirun da nake yabo ba na haɗiye zalunci ba ne. Wadda ake cuta ta yi magana, mu kuma mu tsaya mata. Ina nufin shirun mai hikima, wadda ta san lokacin magana da wanda za ta faɗa wa.

Don haka ga aikinmu na wannan mako, shugabannin mata na mazaɓu:

1. Kowace ta ziyarci gidaje biyar da matansu ba sa fita. A shiga da sallama da ladabi, a fara gaida uwargida.
2. A tambaya ko suna da katin zaɓe, a nuna wa marasa shi yadda ake yi idan INEC ta buɗe rajista.
3. A tambayi yaran mata da suka bar makaranta da dalilin barinsu, a kawo mana rahoto.
4. A saurare su. Kada a je da wa'azi kawai.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka share mana hanya, Ya ba mu ikon riƙe amana. A tura wa sauran zauruka don Allah.

Taku a kullum,
Shugabar Mata