"Umarni Aka Ba Shi"

Ranar Asabar bayan la'asar na ratsa Kasuwar Guro ta Ajame zan kai wa Maigida saƙo. A bayan wata rumfar albasa na tarar da samarinmu huɗu suna gardama kamar za su ba hammata iska. Ashe a kan wani wasan kwamfuta ne da suka buga a shagon PlayStation, mai suna Call of Duty: Modern Warfare 2, wanda ya fito a 2009.

A cikinsa akwai sojan Amurka, Joseph Allen, wanda janar ɗinsa ya tura ya saje da 'yan ta'adda domin leƙen asiri. Don kada su gane shi, ya bi su filin jirgin sama a Mosko, aka buɗe wa matafiya wuta. Ƙarshenta shugaban 'yan ta'addar, wanda tun farko ya san ko shi wane ne, ya harbe shi ya bar gawarsa a nan, yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Amurka. Babban cikin samarin ya dube ni ya ce, "Baba, ai ba shi da laifi, umarni aka ba shi."

Allen dai zane ne. Ba shi da niyya, babu hisabi a kansa, kuma ban ce wanda ya danna maɓalli ya ɗauki alhakin rai ba. Kalmar yaron ce ta tsaya mini a rai, domin mu mazauna Abijan mun ji ta a bakin masu jini a jika. Ranar 3 ga Maris 2011 an kashe mata bakwai masu zanga-zanga a Abobo. Ko wane ne ya ba da umarnin, hannun wani ne ya harba. Bayan rikicin kuma muka ga yaran da ake kira mikrob suna sara da adda a Abobo da Ajame, galibinsu da wani babba a bayansu yana aika su.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. Wanda aka tilasta ya furta kalmar kafirci, zuciyarsa na kan imani, an yi masa rangwame. Wanda aka tilasta ya kashe wani ba shi da wannan rangwamen, domin ransa bai fi na wancan daraja ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ƙisasi yana hawa kan mai tilastawa da wanda aka tilasta baki ɗaya. Kuma masu karatun Buhari sun san labarin kwamandan da ya fusata ya sa rundunarsa ta hura wuta ta shiga. Suka ƙi, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar da ƙin nasu, ya bayyana cewa biyayya a cikin abin kirki kaɗai take. Kotun Nuremberg da ta hukunta manyan 'yan Nazi a 1946 ita ma ta ƙi karɓar uzurin umarni.

Wani ɗana da ya san wasan ya shaida mini cewa ana iya ratsa matafiyan nan ba tare da an harbi ko ɗaya ba, har ma ana iya tsallake babin gaba ɗaya. Da na dawo ta wajen rumfar na tambayi samarin wa ya taɓa gwada hakan. Suka yi shiru. Can sai ƙaraminsu ya ce bai san ana iyawa ba.