Liman, Ajiye Wayar Nan Kafin Ka Hau Mumbari

Maganar yau da mu limamai da masu wa'azi ake, kuma mun san wasu za su ɓata rai, tunda daga bakin fasto muka fara jin ta.

Akwai wani fasto a nan Kujama da ya daɗe yana sayen hatsi a rumfarmu. Wata Asabar muka buga masa waya har sau huɗu kan cikon kuɗin masara, shiru. Da ya kawo kuɗin ran Litinin muka ce, "Fasto, ai mun ɗauka guduwa ka yi." Ya yi dariya ya ce, "Malam Liman, ranar Asabar wayata a hannun uwargida take wuni. In rasuwa ce ko haihuwa, ta san inda za ta same ni. Sauran su jira sai na gama wa'azin Lahadi." Ya ƙara da cewa a littafinsu, Ayyukan Manzanni sura ta 6, almajiran Annabi Isa (AS) sun naɗa mutum bakwai su kula da rabon abinci, don su kansu su duƙufa ga addu'a da wa'azi. Shi ya sa shi ma ya bar wa dattawan majami'a lissafin kuɗi da harkar gini.

To mu fa? Daren Juma'a liman yana WhatsApp har sha biyu, daga wannan zaure zuwa wancan. Da safe ɗan siyasa ya kira, mai neman ɗaurin aure ya kira, ga rigimar kuɗin janareta. Sai ladan ya yi kiran farko sannan a tuna ba a shirya huɗuba ba. Me za a faɗa wa jama'a? Abin da aka gani a waya jiya. Ba mu cire kanmu ba, wallahi. Mu da muke haɗa limanci da kasuwa, sau nawa muka kabbarta salla zuciya tana ga alat ɗin da bai shigo ba?

Mun san wani zai ce, don me za ku kawo mana misalin Kirista? Ai kunyar kenan, Malam. Abin yana cikin littattafanmu tun muna Islamiyya. A Bukhari an ruwaito Manzon Allah (SAW) ya yi salla da wata riga mai zane, da ya idar sai ya sa aka mayar wa Abu Jahm ita, aka karɓo masa marar ado, saboda zanen ya ɗauke masa hankali. Zanen riga fa! Ina ga abin da ke aljihunmu, mai hoto da murya da zagin malamai?

Wani kuma zai ce dole liman ya san halin da duniya take ciki. Gaskiya ne. Amma tura saƙon da ba a san wanda ya haɗa shi ba, wannan ba sanin duniya ba ne. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari, kuma bincike yana son natsuwa, abin da mai wayar da ba ta hutawa ba shi da shi. Mu a wannan yanki ba sai an ba mu labarin illar jita-jita ba. A ranar 18 ga Oktoba 2018 rigimar kasuwa ta tashi a Kasuwan Magani, nan kusa da mu, 'yan sanda suka ce mutum 55 sun mutu. Bayan kwana uku wutar ta kai cikin garin Kaduna, aka sa dokar hana fita dare da rana. Duk wanda ke da waya a makon nan ya tuna irin hotuna da saƙonnin da suka riƙa shigo masa, rabinsu ba a san daga ina ba. Matasanmu da nasu hanya ɗaya suke bi zuwa kasuwa. Kalma ɗaya da liman ko fasto ya kwaso daga waya ya furta a gaban ɗaruruwan mutane ta isa ta hana mu buɗe rumfa wata guda, in ma abin ya tsaya a nan.

Saboda haka muna kira ga kwamitin masallaci ya karɓi asusu da rigimar janareta daga hannun liman, a sama masa lokacin buɗe littafi. 'Yan siyasa kuma ku daina kiran liman da safiyar Juma'a. Mu dai daga wannan mako, da an idar da isha'i ran Alhamis wayarmu tana hannun ladan har a sauko Juma'a. Mai rasuwa ya san ƙofar gidanmu. Mai bin mu bashi kuwa ya same mu a rumfa ran Asabar.