Na'ura Ta San Oganka, Amma Ba Ta San Abokin Aikinka Ba

Da yawa daga cikinmu da ke aiki a bankuna da asibitoci da ƙungiyoyin agaji da manyan kamfanoni sun riga sun ga wannan abu da idonsu, ko da ba su san yadda ake yinsa ba. Mutum ya kama aiki ran Litinin, kafin ya gama gaisawa da mutanen ofis sai ya tarar an riga an shigar da shi cikin wani zauren tattaunawa a kwamfuta, tare da dukan waɗanda ke ƙarƙashin ogansa. Ba wanda ya gayyace shi. Na'ura ce ta duba rajista, ta ga sunan wanda yake amsa wa, ta kai shi can. Ran da aka yi masa canjin wurin aiki kuwa, ita ce dai za ta fitar da shi ba sallama.

Bari mu ɗauki misalin kamfanin Microsoft, tun da yake ofisoshi da yawa da kayansa suke aiki. A shekarar 1917 ba a san irin wannan ba, amma a 2017 kamfanin ya fito da Teams, watau dandalin da ma'aikata ke aika wa juna saƙo, su ajiye takardu, su kuma yi taro. A bayansa akwai rajistar ma'aikata wadda a da ake kira Azure Active Directory, aka sake mata suna zuwa Entra ID a 2023. A cikin rajistar nan kowane ma'aikaci yana da gurbin da ake rubuta manajansa. To, mai kula da kwamfutocin ofis zai rubuta ƙa'ida ɗaya tak, cewa duk wanda gurbinsa ke ɗauke da lambar manaja wane, a sa shi cikin rukuni kaza. Daga nan na'ura ta karɓi aikin. Idan aka canza sunan manaja a rajista, canjin yakan bayyana a Teams cikin 'yan mintoci, wani lokaci ya kai awa biyu. Ba kyauta ba ne, sai ofis ya biya kuɗin lasisi.

Ba za mu ce abin ba shi da amfani ba. Duk wanda ya taɓa zama cikin zauren WhatsApp na ofis ya san ciwon da ake so a warkar. Wanda ya bar aiki shekara uku da suka wuce yana nan yana karanta sirrin ofis, sabon ma'aikaci kuma ya yi wata biyu ba a sa shi ba, don mai riƙe da zauren ya manta, ko kuwa don ba ɗan garinsu ba ne. Na'ura ba ta da ɗan gari, ba ta kuma riƙe mutum a zuci. A wannan fanni mun yaba.

Sai dai gaskiyar na'ura ba ta wuce gaskiyar abin da aka rubuta mata ba, kuma mun san halin fayil a ofisoshinmu. Takardar canjin aiki takan yi watanni a kan tebur. Mai riƙon ƙwarya yakan shekara yana ba da umarni alhali a rajista sunan wanda ya yi ritaya ne ke nan. Ga kuma direba da masinja da mai shara da mai gadi, waɗanda sau da yawa wani kamfani dabam ne ya kawo su bisa kwantiragi, ba su da suna a rajista balle gurbin manaja. Idan zauren nan ya zama wurin da ake sanar da ranar biyan albashi, ko canjin lokacin aiki, ko rasuwar abokin aiki, to waɗanda suka fi kowa ƙaramin ƙarfi su ne za su ji labari a ƙarshe. Abin da ya ƙara tsananta shi kuwa shi ne, a irin wannan rukuni oga ba shi da ikon ƙara mutum ko cire shi da hannunsa, ma'aikaci ma ba shi da ikon fita. Sai an koma ofishin kula da ma'aikata an gyara rajista.

Ƙa'idar kanta ma tana da iyaka. 'Ya'ya kawai take tarawa, ba ta kai ga jikoki, watau darakta zai sami shugabannin sassansa a zaurensa, amma akawun da ke ƙarƙashinsu ba ya ciki.

Yana da kyau mu tuna dalilin da ya sa aka fara zana taswirar mukamai. A 1855 Daniel McCallum, babban jami'in kamfanin jirgin ƙasa na New York and Erie a Amurka, ya sa aka zana ta, kamanninta kuwa kamar itace mai rassa. Layin dogon ya yi tsawo, ma'aikata sun yi yawa, ana bukatar a san wanda za a tuhuma idan abu ya ɓaci, da kuma hanyar da rahoto zai bi ya isa ga manya. Tambayar da taswirar ke amsawa ke nan har yau. Ba ta faɗin wa ya kamata ya yi magana da wa domin aiki ya tafi. A 1933 wani masanin harkar gudanarwa mai suna Graicunas ya yi lissafi, ya nuna cewa shugaban da ke da mutum 5 a ƙarƙashinsa yana fama da hulɗa iri 100, idan aka haɗa tsakaninsa da kowannensu, da tsakaninsa da gungu-gungunsu, da tsakaninsu ya-su-ya-su. Idan aka ƙara mutum ɗaya suka zama 6, lissafin ya haura zuwa 222. Na'ura kuwa layi shida kaɗai take gani.

Alal misali, mu dubi asibiti. Marar lafiya ɗaya yakan bi ta hannun mai yankar kati, da nas, da likita, da mai gwajin jini, da mai ba da magani, da mai karɓar kuɗi. Mutum shida ke nan, kuma mai yiwuwa kowannensu ogansa dabam, saboda haka zaurensa dabam. Idan sakamakon gwaji yana yin latti, waɗanda ya kamata su zauna su warware matsalar ba su da inda za su haɗu, sai kowa ya kai kuka sama, manya su tattauna, amsa ta sauko bayan kwana uku. Marar lafiya kuwa yana kan benci yana jira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma tsarin nan ya ware hannuwan ne bisa ga wanda ke sa musu hannu a takardar hutu.

Akwai kuma wani abu da a ganinmu masu sayen wannan tsari ba su cika lura da shi ba. An ɗaura zauren ne a kan sunan mutum, ba a kan sashe ba. Ran da aka ɗauke oga aka kai shi wani wuri, aka rubuta wa mutanensa sabon manaja, na'ura za ta kwashe su duka daga tsohon zaure, su bar takardunsu da tattaunawarsu ta shekaru a can. Sababbin mutanen da aka ba tsohon ogan kuma za su shiga, su tarar da kome a buɗe, domin wanda ya shigo sabo yana iya karanta abin da aka rubuta kafin zuwansa. Ke nan wanda ke bukatar takardun ya rasa su, wanda ba ruwansa ya samu. Rajistar nan tana ba da damar a kafa ƙa'ida bisa ga sunan sashe maimakon lambar manaja, kuma mu muna ganin wannan ya fi, gama sashen kuɗi yana nan ko da an canza shugabansa sau goma.

Sa'an nan ga batun baki. Tarbiyyarmu ba ta yarda ƙarami ya yi musu da babba a bainar jama'a ba, kuma ba mu ce a zubar da wannan ladabi ba. Amma idan kowane zaure na ofis an gina shi ne kewaye da oga, abin da za a riƙa gani a ciki shi ne "to, ranka ya daɗe" da "an gama, yallaɓai". Matar da ogan ke matsa wa, ko akawun da aka umarta ya sa hannu a kan rasit na ƙarya, ina za su nufa? Ofishin da ya kafa irin waɗannan zauruka wajibi ne ya buɗe wata ƙofa ta kai ƙara wadda ba ta bi ta teburin oga ba, ya kuma bar ma'aikata su kafa nasu rukunoni bisa ga aikin da ya haɗa su.

Ga 'yan'uwanmu da ke riƙe da mukami, roƙonmu shi ne kafin a kunna wannan ƙa'ida a zauna a tace rajista suna bayan suna, a kuma tanadi hanyar da sanarwa za ta isa ga direba da mai shara a rana ɗaya da kowa. Ga ma'aikaci kuma, dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ba ka ikon neman ganin bayanan da aka ajiye a kanka, da neman a gyara idan akwai kuskure. Ka je ofishin kula da ma'aikata cikin ladabi, ka tambayi sunan wa aka rubuta a gurbin manajanka, ka kuma tambayi inda takardun sashenku za su koma ran da aka canza shi.